Jan Biro a Littafin Ɗalibi

Kuɗin haya ne ya kori ƙanwata daga Kubwa, ta tare a wani ƙaramin gari kan hanyar Lokoja, tsakanin Gwagwalada da Kwali. Ko kwance kaya ba ta gama ba ta kira ni: "Yaya, sakandaren gwamnati ɗaya ce kusa da mu. In kai 'yar taka can, ko in ci bashi in sa ta a ta kuɗi?" Da yake na daɗe ina riƙe da alli, na ce ta bar ni in je, gani ya kori ji.

Na zaɓi ranar Litinin, kuma ƙarfe bakwai da rabi ina bakin ƙofa. A garuruwan gefen Abuja wannan sa'ar tana tona asiri, domin malamai da yawa ba a garin suke kwana ba, daga nesa suke biyo mota. Na tsaya wurin mai ƙosai ina ƙirga su. Kafin a tashi daga taron safe yawancinsu sun shigo, biyu ne suka iso bayan takwas da rabi suna share gumi.

Sabon fentin katanga bai dame ni ba. Haka ma allon da aka liƙa sakamakon WAEC da NECO, duk da cewa nan iyaye suke fara tsayawa. Kiredit biyar har da Turanci su ne mabuɗin jami'a, amma alƙaluman suna da wayo. Makaranta tana iya tace masu rauni kafin rajista, sai sakamakonta ya yi ta ƙyalli. Shi ya sa tambayata ga mataimakin shugaban makarantar ita ce: nawa suka shiga SS1 shekara uku da suka wuce, nawa suka zauna jarrabawa bana? Ya yi shiru, sannan ya jawo rajista. Yawancin waɗanda suka zube 'yan mata ne, wasu aure, wasu talla.

Inda na fi daɗewa shi ne kan littafin rubutun wani yaro ɗan JSS2 da na roƙa a ara mini. Littafin Lissafi ne, gefensa ya naɗe kamar ganyen kabeji. Na bi shafi-shafi ina neman jan biro. Kowane mako akwai shi, kuma ba alamar daidai kawai malamin yake zabgawa ba. A wani wuri ya zagaye inda yaron ya manta aro a ɗebewa, ya sake yi masa lissafin a gefe. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce ɗalibai 40 ga malami ɗaya a sakandare. Ni na ƙirga kai 68 a ajin, wasu hurhuɗu a benci. Wanda ya duba littafi 68 haka, to ya kai aikin gida ya hana kansa barci. Littafin Kimiyya kuwa fes yake, rubutun allo ne aka kwafe tun farkon zango, babu wanda ya taɓa dubawa.

Ya kamata iyaye su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, ƙaramar sakandare tana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta Babban Birnin Tarayya, babbar kuma tana da tata hukumar, ko da katanga ɗaya ta haɗa su. Sannan a tuna malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja shida sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Yaran da suka fito daga wannan giɓin da shi suka shiga JSS1, don haka a tambaya ko ana yi musu darasin cike gurbi.

Kafin in fita na leƙa bayin 'yan mata. Ƙofa tana rufuwa, amma babu ruwa, famfon burtsatsen ya lalace. Yarinyar da ta fara girma, wannan kaɗai ya isa ya zaunar da ita gida kwana uku kowane wata.

Da daddare na kira ƙanwata na ce ta kai yarinyar makarantar gwamnatin. Sharaɗina biyu ne: duk Juma'a ta buɗe littattafan yarinyar ta nemi jan biro, sannan ranar taron iyaye da malamai ta tashi ta yi maganar famfo. Kimiyyar kuma na ce ta bar mini, zan riƙa zuwa ranar Asabar.