Sankarar bakin mahaifa: Idan likita ya ce an wuce tiyata, me ya rage?

A ce kun raka mahaifiyarku ko uwargida Asibitin Ƙasa da ke Abuja saboda zubar jini da ta ƙi tsayawa. An yanki tsoka an auna, an ɗauki hoto, sai likita ya ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta wuce a yi mata tiyata. Yawancin iyalai a nan gwiwarsu ke yin sanyi, don a jinsu an sallame su ke nan su koma gida su jira ta Allah. Ba haka maganar take ba. Akwai magani, kuma ana warkewa.

Likitoci na kasa wannan cuta mataki huɗu. Abin da muke magana a kai shi ne lokacin da ƙarin ya haura santimita 4, ko ya tsallaka zuwa naman da ke kewaye da mahaifa, ko farji, ko kaluluwar ƙugu, ko ma mafitsara, amma bai kai huhu ko hanta ko ƙashi ba. A wannan hali mata da yawa ke isa asibiti a ƙasar nan, bayan an daɗe ana ɗaukar jinin a matsayin rikicewar al'ada, ko ana fama da jiƙe-jiƙen sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu.

Me ya sa ba za a cire mahaifar kawai a huta ba? Saboda wuƙa ba za ta kwashe duk abin da ya bazu a gefe ba. In an yi tiyatar ma sai an bi da gashi, mace ta sha wahala biyu ba tare da ƙarin amfani ba. Don haka idan wani asibiti ya yi muku tayin cire mahaifa alhali likitan daji bai duba ta ba, ku dakata ku nemi jin ta bakin wani.

Tun 1999, bayan sakamakon wasu manyan bincike biyar, duniya ta tsaya a kan haɗa gashi da kemo a lokaci guda. Gashin waje na'ura ce ke harba haske ga ƙugu, Litinin zuwa Juma'a, kimanin zama 25 cikin mako biyar. Kowane zama mintuna ne, ba zafi, ba ƙuna a lokacin, duk da sunan gashi da muka laƙaba masa yana tsorata mutane. Sau ɗaya a mako kuma a ƙara mata ruwan magani mai suna cisplatin, wanda ke sa ƙarin ya fi jin gashin.

Sai mataki na uku, wanda aka fi yin sakaci da shi: gashin ciki. Ana sanya ɗan bututu ta farji zuwa cikin mahaifa, a kai hasken daidai kan ƙarin, sau uku zuwa biyar. Ba ƙari ba ne da za a iya yafewa don jini ya tsaya ko don kuɗi sun ƙare. Wadda ta tsallake shi damar warkewarta na raguwa sosai. Kuma ana so a kammala komai, waje da ciki, cikin mako takwas, wato kwana 56, domin duk jinkiri dama ce ga cutar ta farfaɗo.

A nan matsalarmu take. Na'urorin gashi a Najeriya ba su da yawa, layi na da tsawo, kuma na'ura kan lalace. Tun ranar farko ku tambayi likita: a ina za a yi gashin ciki, yaushe, kuma idan na'ura ta tsaya ina za a tura mu? Ban da Asibitin Ƙasa, akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da cibiyar NSIA-LUTH da aka buɗe a Legas a 2019. Wanda zai zo daga Suleja ko Gwagwalada ko Keffi kullum na mako biyar, ya lissafa kuɗin mota da wurin kwana tun kafin a fara.

Abu biyu kan kawo tsaiko. Na farko ƙarancin jini: wadda ta yi watanni tana zubarwa sau da yawa sai an ƙara mata kafin a fara, don haka 'yan'uwa su shirya bayarwa. Na biyu ƙoda, domin ƙarin kan matse hanyar fitsari, cisplatin kuma ba ya shiri da ƙoda mai rauni. Wani lokaci sai an sa bututu an buɗe hanyar, ko a canza magani. Mai ɗauke da ƙwayar HIV kuwa kada ta ɓoye wa likita, kuma kada ta daina shan maganinta.

Akwai sabbin abubuwa. Binciken INTERLACE, wanda Kwalejin Jami'ar Landan ta jagoranta a kan mata 500, ya gwada ba da carboplatin da paclitaxel na mako shida kafin a fara gashi. Sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna kashi 80 cikin 100 na raye bayan shekara biyar, idan aka kwatanta da 72 na waɗanda ba a yi wa hakan ba. Daɗin abin, tsofaffin magunguna ne da ake samu a nan. Sai dai sharaɗinsa a shiga gashi cikin mako guda da gama su, wanda ke da wuya inda ake bin layi. A Janairun 2024 kuma Amurka ta amince da ƙara pembrolizumab ga masu mataki na uku zuwa farkon na huɗu, amma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidaje.

Batun kuɗi, ku nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya ku tambayi Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji na Gwamnatin Tarayya. Yana ɗaukar sankarar mama da bakin mahaifa da mafitsarar maza, kuma Asibitin Ƙasa na cikin waɗanda aka fara da su.

Maigida, wannan naka ne. Za ta yi gudawa, zafin fitsari, tashin zuciya da kasala, kuma al'ada za ta ɗauke, haihuwa ta tsaya. Ba a ɗaukar sankara ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya, kuma ba ta dawowa gida da hasken gashi a jikinta, tana iya rungumar 'ya'yanta. Gashi kan sa farji ya tsuke ya bushe, akwai abin da ma'aikatan jinya ke koyarwa a kai, kunya kada ta hana tambaya. Bayan an gama, za a riƙa dubata duk wata uku ko huɗu a shekara biyun farko.

Kafin ku bar asibitin, sauran matan gidan su tambayi inda ake gwajin bakin mahaifa. 'Yan mata kuma, allurar rigakafin HPV, ƙwayar da ke haddasa kusan duk wannan cuta, ta shiga jerin rigakafin ƙasa tun Oktoban 2023. An fara da 'yan shekara 9 zuwa 14, kyauta ce, sau ɗaya ake yi, kuma ana tambayarta a cibiyar lafiya ta matakin farko da ke unguwarku.