Za ka dawo gida ka huta, amma kuɗinka na can ƙetare: wa zai karɓi harajinka?

A shirinmu na makon jiya wani dattijo ya kira mu daga Bariyenu. Ya ce ya shekara sama da talatin yana kai shanu kasuwar Ilesha Baruba a jihar Kwara, yanzu gwiwa ta gaji, yana so ya dawo gida ya zauna. Sai dai yana da ajiya a wani banki a Najeriya, yana kuma da gida can da 'yan haya a ciki. Ya tambaye mu: in ya dawo, wace ƙasa ce za ta neme shi da haraji, kuma dole ne ya faɗa wa hukuma abin da ya bari a can? Lokaci ya yanke mana, shi ya sa muka kawo amsar nan a rubuce, domin mun san ba Baba kaɗai ke da wannan damuwa ba tsakanin Jugu da Paraku.

Abu na farko, Alhaji, ka raba katin ɗan ƙasa da maganar haraji. Mutum na iya riƙe da takardun Benin amma Najeriya ta ɗauke shi mazauninta wajen biyan haraji. Haka ɗan Najeriya da ya tare a Zangon Paraku shekara da shekaru, ofishin lanho na nan ba ruwansa da launin fasfonsa. Abin da hukumomi ke dubawa shi ne ina gidanka yake, ina iyalinka suke kwana, ina kake sana'a, ina mafi yawan dukiyarka take juyawa.

A Najeriya an rubuta wannan a sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026. Wanda ya yi kwana 183 a ƙasar cikin wata goma sha biyu, mazauni ne. Kuma ba sai a jere ba, tarawa ake yi: sati biyu nan, wata ɗaya can. Mutane da yawa sun riƙe wannan lissafin kwana kaɗai, suna cewa ai ban kai wata shida ba. To a kula, dokar ba ta tsaya nan ba. In kana da gidan da aka tanadar maka ka sauka duk lokacin da ka je, ko kana da iyali da babbar harka a can, suna iya lissafa ka mazauni ko da kwanakinka ba su kai ba. Mai mata ɗaya a Saki, ɗaya a Jugu, wannan magana da shi ake. Shi kuwa mazauni, Najeriya na neman haraji a kan abin da ya samu ko'ina a duniya, sai dai naira 800,000 ta farko a shekara ba a taɓa ta.

To idan ƙasashen biyu kowacce ta ce kai nata ne fa? Akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu. Ƙasashe takwas na UEMOA, masu amfani da sefa, suna da tasu tun 2008, ta haɗa mu da Nijar da Togo da Burkina Faso. Ficewar Nijar da Mali da Burkina daga ECOWAS a Janairu 2025 ba ta fitar da su daga UEMOA ba. Najeriya da Gana ba sa cikin wannan ƙungiya, amma ECOWAS ta amince da tata yarjejeniyar a Disamba 2018. Tsarin raba gardamar hawa-hawa ne: a fara duba inda kake da gidan zama na dindindin, in kana da shi a duka biyun, a duba inda rayuwarka da arzikinka suka fi karkata, in an rasa, a duba inda ka fi zama, sai a ƙarshe a zo kan ƙasar da kake ɗanta. Amma yarjejeniya ba ta aiki da fatar baki. Takarda ake nunawa. Wanda ya biya a can bai karɓi rasit ba, a nan kamar bai biya ba ne.

Yanzu ga inda hankalin mutane ya fi tashi. Haraji a kan abin da ka samu yake, ba a kan abin da ka ajiye ba. Miliyan biyar da ka tara shekara ashirin tana kwance a asusu ba sabon samu ba ce. Kuɗin hayar gidan nan kuwa samu ne, kuma tun da gidan a ƙasar Najeriya yake, ita ke da haƙƙin farko a kansa ko da ka dawo Bariyenu ka miƙe ƙafa a ƙarƙashin mangwaro. Ni dai a ganina jita-jitar cewa za a riƙa yankar kuɗin mutane kai tsaye daga asusu ta fi harajin kansa ɓarna, don ta sa wasu kwashe kuɗi su cusa a katifa.

Sai maganar bayyana ajiyar. Wannan ba ta ofishin lanho kaɗai ba ce, akwai dokar canjin kuɗi ta babban bankinmu, BCEAO. Mazaunin ƙasar sefa ba ya riƙe asusu a wajen yankin haka kawai, sai da izini. Dokar 2010 ta yarda wanda ke zaune a waje ya buɗe asusu a can, amma ta ce in ya dawo ya maido kuɗin cikin kwana 30. An sabunta dokar a Disamba 2024, saboda haka kafin ka ɗaure kaya ka shiga bankinka a Jugu ko Paraku ka tambayi wa'adin da ke aiki yau da takardun da za su nema. Ka tafi da lambarka ta NPI da ta IFU, domin da wuya a buɗe maka wata magana ta kuɗi a Benin yanzu ba tare da su ba. Asusu a Gaya ko Lome bai shiga wannan takura ba, tun da duk cikin gida ɗaya ne na sefa.

In kuma ka ce a aljihu za ka ɗauko, ka sani dokar Najeriya ta 2022 kan halasta kuɗin haram ta wajabta bayyana wa kwastan duk tsabar da ta wuce dala 10,000 ko kwatankwacinta. A ɓangarenmu ma duwan na da takardar da ake cikewa. Bayyanawa ba biyan haraji ba ce. Rashin bayyanawar ne ke sa a riƙe kuɗin mutum a Cikanda ya koma yana rantsuwa da kuɗin shanu ne, ba mai sauraronsa.

Wasu za su ce to a bar kuɗin can kawai a yi shiru. Mu yi lissafi. Kafin Yuni 2023 dala ɗaya a hukumance tana wajen naira 460, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa na ɗaure da yuro a kan 655.957. Wanda zai ci tuwonsa da sefa amma ajiyarsa na naira, ya ga yadda ta narke ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ba mu manta da canjin takardun naira na farkon 2023 ba, lokacin da masu tsofaffin kuɗi a wannan gefen iyaka suka rasa inda za su kai su. Ƙari a kan haka, tun ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya umarci a takaita asusun da ba a haɗa da BVN ko NIN ba. Asusun da ya shekara ba a motsa shi ba ana ɗaukarsa mai barci, in ya kai shekara goma a haka ana mayar da kuɗin hannun Babban Bankin. Ba ƙwacewa ba ce, mai shi ko magadansa na iya nema, sai dai magada ba sa neman abin da ba su san da shi ba.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi damuna da maganar Baba, don ya ce ko babban ɗansa bai san sunan bankin ba. Baba, da girmanka, ka rubuta sunan bankin da reshen da lambar asusun, ka haɗa da takardun gidan da rasit ɗin haraji, ka nuna wa mutum biyu da ka yarda da su. A shiri mai zuwa za mu ɗauki tambayar da makiyaya suka fi aiko mana: wanda ajiyarsa ba ta banki ba ce, garke ne da ya bari a hannun ɗan'uwa a ƙetare, yaya zai sayar ya shigo da kuɗin da takarda.