Wuƙar tsohon magagari: abin da ya kamata ku sani game da ban ruwa da gashi

A fadamun Rima, daga madatsar ruwan Goronyo zuwa Wurno, wuƙa ba ta hutawa. Da ita ake yanke ganyen albasa da na tafarnuwa, da ita mahauci ke neman abincinsa ranar kasuwar Achida. Shi ya sa maƙeri ba ya zubar da magagarin da haƙoransa suka cinye, domin da shi yake ƙera wuƙa. Sai dai ƙira rabin aiki ce. Abin da ke raba wuƙar kirki da ta banza shi ne yadda aka ba ta ruwa, da yadda aka gasa ta bayan nan.

Me ya sa magagari?

Ƙarfensa na ɗauke da sinadarin kabon kusan kashi 1 cikin 100, ko ɗan fiye. Rodin gini bai kai ko rabin haka ba, don haka ba ya riƙe kaifi. Amma akwai magagari mai araha wanda fatarsa kaɗai ke da tauri. Gwajin ba wuya: a sa bakinsa a wuta ya yi ja, a tsoma a ruwa, a buga da masaɓa. In ya ɓalle, na kirki ne. In ya lanƙwashe, a bar shi.

Kafin ƙira

A zuga shi ya yi ja, a binne cikin toka ya kwana, don ya yi laushi. Sannan a goge haƙoran tas, domin daga gurbinsu tsagewa ke farawa. Bayan ƙira kada a wasa bakin tukuna. A bar masa kaurin kamar milimita 1, in ba haka ba zai karkace ko ya tsage.

Ban ruwa

A hura gawayi mai ƙarfi irin na ƙirya, a inuwa, domin hasken rana yana ɓoye jan da ƙarfe ya yi har mutum ya ƙona shi bai sani ba. Ma'auni mafi sauƙi shi ne maganaɗisu: ƙarfe na daina kama shi a digiri 770 na Salshiyas. Da ya daina, a ƙara zuga kaɗan, a ciro da awartaki, a tsoma nan take a tsaye cikin mai mai ɗumi. A riƙa motsawa sama da ƙasa, ban da gefe da gefe. Ruwan sanyi ya fi saurin kawo tauri, amma shi ne ya fi fasa siririyar wuƙa. Man gyaɗa ya fi baƙin mai, wanda hayaƙinsa ke cutar da ƙirji. A zuba man a gwangwanin ƙarfe mai murfi, don yakan kama da wuta. In an goga sabon magagari a bakin wuƙar ya zame bai ci ba, ta taurara.

Gashi

Nan ne masu gaggawa ke yin asara. Wuƙar da ta fito daga mai tana da tauri, amma kamar tangaran take, ko faɗuwa ta yi sai ta karye. Dole a sake ɗumama ta a hankali ba tare da an bari ta kwana ba. A goge ta har ta yi fari, a ɗora bayanta a kan ƙarfe mai zafi, bakin yana sama, a zuba ido. Launi zai riƙa tafiya daga baya zuwa baki: ruwan karan dawa a wajen digiri 220, sai ruwan ƙasa, sai shuɗi a wajen 300. Da ruwan kara ya isa baki, a tsoma a ruwa. Bayan wuƙa ya yi shuɗi ba laifi, juriya ce ya ƙara. Amma in baki ya yi shuɗi, zai riƙa dakushewa da wuri, sai an sake ban ruwa daga farko. Wuƙar mahauci da ke haɗuwa da ƙashi a bar ta ta kai ruwan ƙasa.

Wajen wasawa a inji ma a kula, a riƙa tsoma ta a ruwa, domin zafin dutse kaɗai yana iya lalata bakin. Mai saye kuma ya tambayi maƙeri ko ya gasa ta bayan ban ruwa, kafin ya miƙa kuɗinsa.