Ranar Da Aka Rufe Ƙofa: Darasi Daga Kan Iyakar Jibiya

Wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Magamar Jibiya. Nan ce ƙofar Nijeriya ta ƙarshe kafin a shiga Ɗan Isa ta ƙasar Nijar. Ba ma'aikatan kwastan da na shige da fice kaɗai ke cin abinci a wurin ba. Akwai direbobi da yaran mota, 'yan dako, 'yan canji, masu faci, da mata masu sayar da tuwo da fura. Dukansu wannan ƙofa ce gonarsu, amma mabuɗinta ba ya hannun ko ɗaya daga cikinsu.

Dattawan direbobi suna tune da zamanin da mutum yakan taso daga Katsina yana bin hannun hagu, in ya ƙetare sai ya koma hannun dama. A ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ma ta koma dama, kowane direba ya sake koyon hanyar da ya daɗe da sani. A farkon 1973 fam da sule suka tafi, naira da kwabo suka zo, ɗan canji ya sake lissafi. A 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Waɗannan duk sauye-sauye ne da aka saba da su a hankali, gama in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Abin da ya fi zafi shi ne rufe ƙofar kanta. An rufe ta a Afrilu 1984, ba a buɗe ba sai Maris 1986. An sake rufewa a Agusta 2019. Ko da aka buɗe waɗansu iyakoki a Disamba 2020, Jibiya sai da ta jira har Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka kuma rufe, har Maris 2024. Ku duba, ya ku masu karatu: ɗan dako bai yi laifin kome ba, amma doka daga nesa ta tsayar da motocin da yake saukewa, tukunyar matarsa kuwa ba ta san doka ba.

A irin wannan lokaci ne gwaji yake zuwa. In babbar hanya ta toshe, hanyoyin daji sukan buɗe. Sai a ce wa saurayi, ga babur, ga buhun shinkafa, dare ɗaya ka sami abin da ba ka samu a mako. Mun san yunwa ba ƙanwar lasa ba ce, ba mu kuwa raina wahalar kowa. Amma mai bi da ya shiga fasa-ƙwauri ya sayar da shaidarsa, ya sa ransa cikin hatsari, 'ya'yansa kuma suna kallo.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan hali. Cikin Ayyukan Manzanni sura 18 mun ga Akila da matarsa Bilkisu, waɗanda umarnin Sarkin Roma ya kora daga birnin tare da sauran Yahudawa. Sun rasa gari da masu ciniki, amma sana'ar ɗinkin tanti ta bi su har Koranti, inda Bulus ya zauna da su suna aiki tare. Umarnin sarki ya raba su da rumfarsu, bai raba su da hannunsu ko bangaskiyarsu ba.

To, me za mu yi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciniki yana tafiya, maigida ya koyi sana'a ta biyu: noman rani a bakin madatsar ruwa ta Jibiya, ko kiwo, ko gyaran babur. Uwargida ta riƙe adashi, a ajiye hatsi tun kaka. In aiki ya tsaya, kada miji ya ɓoye wa matarsa don kunya. Su zauna su rage kashe kuɗi tare. Mai mota kuma kada ya sallami yaronsa ba shiri, ya gaya masa gaskiya da wuri. Dattawan ikkilisiya su san gidajen da wuta ba ta tashi ba, su kai gudummawa a asirce.

Wani sauyin ma yana tafe. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda ta bi ta Jibiya. Ranar da jirgi ya fara ɗaukar kaya, aikin direba da na ɗan dako ba za su zauna yadda suke ba. Mai hankali tun yanzu yake tambayar kansa inda zai shiga.

Yau da dare, bayan addu'ar iyali, bari mu tambayi juna: in aka rufe tamu ƙofar gobe, me ya rage a hannunmu? Allah ya ba mu hikimar shiri, ya kuma tsare mu cikin gaskiya. Amin.