Arp2/3, Mai Fitar da Reshe a Cikin Ƙwayar Halitta

Farar ƙwayar jini ba ta da ƙafa, amma idan ƙaya ta soki mutum, rarrafe take yi har ta isa wurin raunin. Abin da ke tura ta wani furotin ne mai suna aktin, wanda Brunó Straub ya fara ware shi daga tsoka a shekarar 1942 a garin Szeged na ƙasar Hangari. Ɗai-ɗai aktin ke yawo a cikin ruwan ƙwayar halitta. Idan suka jeru sai su zama zare mai kaurin nanomita 7 kacal, kuma tsawon da zaren ke ƙarawa shi ke tokare fatar ƙwayar daga ciki ya ingiza ta gaba.

Wahalar tana wurin farawa. Aktin biyu ko uku da suka haɗu ba sa jimawa suke rabuwa. Sai an samu tushe mai ƙwari kafin sauran su yi ta hawa a guje. Wannan nawar kuwa alheri ce, domin da zare zai tsiro a ko'ina, da ƙwayar ta cushe ta kasa motsi. Ke nan duk furotin da ke iya kafa tushen, shi ke zaɓar inda ƙwayar za ta dosa.

Fitacce a cikinsu shi ne Arp2/3. Laura Machesky ce ta gano shi a 1994, a ɗakin binciken Thomas Pollard da ke Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, a jikin wata amiba mai rayuwa a cikin ƙasa. Furotin bakwai ne a dunƙule. Biyu daga ciki, Arp2 da Arp3, sun yi kama da aktin matuƙa, har sukan tsaya a madadin biyun farko da ke wuyar haɗuwa. Yakan manne a gefen tsohon zare ya fitar da sabon reshe a kusurwar digiri 70. Reshe kan reshe, sai goshin ƙwayar ya cika da saƙa mai turi. Da ita ƙwayar ke tafiya, da ita take lulluɓe bakteriya ta haɗiye. Akwai kuma wani gida daban, fomin, mai miƙa zare sambal ba reshe, wanda ƙwayar cutar maleriya ke aiki da shi wajen kutsawa cikin jar ƙwayar jini.

Shi Arp2/3 ba ya tashi sai an tashe shi. A ƙwayoyin jini, furotin WASP na cikin masu tashin nasa, kuma idan aka haifi yaro da tawaya a WASP, sai a ga ciwon da likitan yara Alfred Wiskott ya bayyana a Jamus a 1937, Robert Aldrich ya ƙara fayyace shi a Amurka a 1954: ƙaiƙayin fata, zubar jini mai wuyar tsayawa, da kamuwa da cuta a kai a kai. Yara maza yake kamawa galibi. Ita kuwa bakteriyar Listeriya fashi take yi. Da furotin ɗinta ActA take tashin Arp2/3 na mai masaukinta, ya gina mata jelar aktin kamar ta tauraro mai wutsiya, ta riƙa ratsa ƙwaya zuwa ƙwaya.

To, ta yaya ake ganin Arp2/3 a ɗakin gwaje-gwaje? Hanyar da aka fi bi ita ce westan bulot. A fasa ƙwayoyin, a tura furotin ɗinsu cikin jel da lantarki su rabu bisa nauyi, a kwafe su a kan takarda ta musamman, sannan a zuba antibodi, yawanci na jikin zomo ko ɓera, wanda ke kama Arp3 ko Arp2. Layi baƙi zai fito a wajen kilodalton 47 idan Arp3 ne, 44 idan Arp2 ne. Mai son sanin inda yake zaune sai ya ɗaura wa antibodin launi mai ƙyalli, ya rina zaren aktin da wani launin da aka ɗaura wa faloidin, gubar wani naman kaza mai kisa, ya leƙa ta madubin hangen ƙananan halittu. Zai ga launukan biyu sun haɗu a siririn bakin da ke gaban ƙwayar.

A ganina, a nan ake yawan yin gaggawa. Layi a takarda yana shaida cewa furotin na nan, bai ce yana aiki ba, kuma antibodi kan kama abin da ba a aike shi ba. Mai bincike na ƙwarai yakan ajiye ƙwayar da aka cire mata furotin ɗin a gefe. Idan layin ya fito a can ma, antibodin ne ya yi ƙarya. Don auna aikin kansa, ana maƙala wa aktin sinadarin fairin, wanda haskensa ke ƙaruwa yayin da zare ke tsawo, a zuba Arp2/3 da mai tashinsa, a ga hasken ya haura da wuri. Sai a ƙara CK-666, sinadarin hana shi aiki da aka bayyana a 2009, a duba ko haurawar ta koma jinkirinta na dā.