Zaren Roba

Makwar shi ne ƙauyen da aka gina madatsar ruwa ta Sannar a kan Shuɗin Nilu, a ƙasar Sudan, wadda aka gama a 1925. Da ruwanta aka noma audugar Jazira, kuma Hausawa da yawa da suka yada zango can a kan hanyarsu ta Makka da ɗibar auduga suka ci abinci. Amma akwai wani zare da ya shiga hannun teloli wanda babu ruwansa da gona, shi ne zaren roba.

Ko da yake roba ake ce masa, akwai irinsa da ba daga ƙaron itace ake yin sa ba, daga sinadarai ne na man fetur. Wani masani, Joseph Shivers, ya ƙirƙiro shi a 1958 a kamfanin DuPont na Amurka, aka sa masa sunan kasuwa Lycra. Idan aka ja shi yakan miƙe har ninki biyar na tsawonsa, da an sake shi kuma sai ya koma yadda yake. Zaren auduga kuwa, ja kaɗan sai ya tsinke.

Ba a ɗinki da shi tsirara. Akan naɗe shi da auduga ko foliyesta, robar tana ciki kamar ɓargo a ƙashi. Tela yakan naɗa shi da hannu a bobin, ba tare da ya ja shi sosai ba, ya sa zare na yau da kullum a allura. Yana taka keke, yadin yana tattarewa da kansa. Haka ake yin ƙugun siket, da hannun rigar yara, da bakin hijabi. Uwa takan so irin wannan ɗinki, domin yaro na girma, riga na binsa.

Babban abokin gabarsa zafi ne, ga shi kuwa ƙasar Sannar ba ta rasa rana. Dutsen guga mai garwashi yakan ƙona shi, doguwar shanya a rana da bilic kuma suna cinye ƙarfinsa. Daga nan sai ƙugu ya saki, mai kaya ya koma yana zagin tela, alhali laifin mai wanki ne. Shi ya sa tela mai hankali yakan gaya wa mai kaya tun ranar karɓa: a wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, kada guga ta hau wurin robar.