Wai "Sola Ba Ta Cin Kuɗi"

A wani ƙauye da ke kan hanyar Janbako na tsaya neman ruwan alwala. Yaro ya nuna mini burtsatse: ga tanki a sama, ga farantan sola a girke cikin shinge, ga kawunan famfo huɗu, amma duk a bushe ƙamas. Awaki ne kwance a inuwar farantan. Na ja yatsa a kan ɗaya, sai ga layi ya fito kamar an ja alli. Na ce wa wani dattijo da ke zaune kusa, "Baba, yaushe rabon da a wanke waɗannan?" Ya ce, "Ɗana, ashe ana wanke su? Ranar da aka kafa mana cewa aka yi ba ta shan mai, ba ta cin kuɗi."

Wannan maganar ta ishe ni. Na ji ta a Mafara, na ji ta a Bakura, na ji ta a Maradun, kuma burtsatsen da ta kashe sun fi waɗanda ɓarayi suka kashe.

Aikin na'urar ba ɓoyayye ba ne. Faranti yana mai da hasken rana wuta, wutar ta juya sumo, wato injin tura ruwa da ke ƙasan rami, sumo ya tura ruwa tanki. Hasken ne kaɗai kyauta. Sumo ƙarfe ne mai juyawa, yana cinyewa. Kan famfo yana kwancewa, bututu yana fashewa, akwatin da ke daidaita wuta yana ƙonewa. Farantin da ƙurar hunturu ta rufe ba ya ba da cikakkiyar wuta, kuma da yake a jere ake haɗa su, kashin tsuntsu ko inuwar reshe a kan guda ɗaya kan rage ƙarfin sauran. Sai ruwa ya riƙa zuwa kamar hawaye, mu ce ɗan kwangila ya cuce mu. Wani lokacin gaskiya ne ya cuce mu, amma sau da yawa guga ɗaya na ruwa da tsumma ne maganin.

Wanda ke shakka ya leƙa Bakolori, ba nisa. A 1978 aka kammala dam ɗin a kan gulbin Sakkwato, aikin kamfanin Impresit na Italiya, yana riƙe ruwa mita kubik miliyan 450, aka kuma haɗa masa injinan wuta na megawat 3. An tsara shayar da hekta 23,000, kuma 15,000 daga ciki da injinan feshi ne masu buƙatar wuta. Kakanninmu sun biya shi da tsada: gonaki sun nutse, kuma a Afrilun 1980 an harbe manoma masu neman diyya. Duk da haka, zuwa 2003 injinan feshin nan sun tsaya, abin da ake nomawa bai kai rabin abin da aka tsara ba. Gulbi bai ƙafe ba. Ruwa na nan, na'ura ce ta mutu don ba mai kula da ita. Abin da ya faru da dam, shi muke maimaitawa a ƙofar gidajenmu.

Mu ma fa masu sa'a ne. Birnin Perth na Ostareliya tun 2006 yake tace ruwan teku ya sha, yana sayen wutar tacewar daga injinan iska, kuma kowace lita 1,000 tana cin yunit 3 zuwa 4 na wuta kafin gishiri ya fita. Su biyan kuɗin ruwa suke yi ba gardama. Mu da Allah ya ba ruwa mai daɗi a ƙarƙashin ƙafa da rana mai ƙuna a bisa kai, naira hamsin ta jarka ce ke sa mu ɗaga jijiyar wuya.

Akwai rashin tsaro, akwai sata, akwai masu haƙa ramin da bai kai ruwa ba. Waɗannan ba su hannunmu duka. Abin da ke hannunmu shi ne asusu, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. A sa ɗan kuɗi a kan kowace jarka, 'yan ga-ruwa da masu shayar da garke su biya fiye da matar da ta zo da tulu. A rubuta a littafi, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a, kuma a sa mata cikin masu riƙe kuɗin, don su ke fara sanin famfo ya tsaya.

A ɗauki matashi guda a riƙa ba shi ladansa. Ya wanke faranti da sassafe ko da yamma, da ruwa zalla da tsumma mai laushi, ba da tsakar rana ba lokacin da gilashin ya ɗau zafi, kuma ban da soson ƙarfe. Da hunturu ya yawaita wankin. A sare reshen da ke yi musu inuwa. A tabbatar akwai makunnin da ke kashe sumo idan tanki ya cika ko ruwan rami ya ja baya, don juyawa babu ruwa ne ke ƙona shi, musamman da bazara.

Ku kuma samari masu jona waya a jikin farantan don cajin wayoyi, ku ji tsoron Allah. Wutar nan tana iya kashe mutum, kuma kuna ƙona kayan gari a kan cajin naira ɗari.

A riƙa wanke tanki, a rufe bakinsa. Kada a haƙa masai kusa, a bar aƙalla mita 30. In famfo ya tsaya, kada a tura yara kanal ɗibar ruwan sha: a can ake wanke injin feshin magani, a can tsargiya take. In ya zama dole, a tafasa ruwan ko a sa masa sinadarin kulorin. Lambar mai gyara kuwa a rubuta ta da fenti a jikin ƙarfen tanki, inda kowa zai gani.